Kafso da Allura a Asibitocin Ƙauyukan Filato: Tambayoyi da Amsoshi kan Yawan Shan Antibayotik

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Jos da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ko ta hanyar Bassa da Jengre ko ta Barikin Ladi da Mangu, ya san yadda ganin likita kan ƙare a ƙananan asibitoci: a ce maleriya da taifod ne, a rubuta allura, a haɗa da kafso. Tambayoyin da ke ƙasa su ne jama'a suka fi yi idan aka ce musu ana wuce gona da iri wajen ba da waɗannan magunguna. Amsoshin don ƙarin fahimta ne, mara lafiya kuwa sai an duba shi ido da ido.

Wane magani ne antibayotik, kuma me yake yi a jiki?

Magani ne da ke kashe ƙwayoyin cuta nau'in bakteriya ko ya hana su hayayyafa. Kusan kowa ya san wasunsu da suna: Amoxicillin, Ampiclox, Septrin, Flagyl, Cipro, Tetracycline mai kafso ja da yalo, da alluran Ceftriaxone da Gentamicin. Ba maganin ciwon jiki ba ne, ba ya sauke zazzaɓi don kansa, ba ya kashe ƙwayar maleriya irin yadda maganin maleriya ke yi, kuma ba ya taɓa ƙwayoyin bairos, waɗanda su ne ke kawo mura, ƙyanda, zazzaɓin Lassa da mafi yawan zawon yara.

Idan na sha bai yi mini amfani ba, ai bai cuce ni ba. Ina matsalar take?

A cikin hanjin kowane mutum, da fatarsa da maƙogwaronsa, akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, yawancinsu ba sa cutarwa, wasu ma taimako suke yi. Duk lokacin da antibayotik ya shiga jiki, zai kashe masu rauni daga cikinsu, ya bar waɗanda suka iya jure masa. Waɗanda suka tsira su ne za su hayayyafa su cike gurbin. Manomin kabeji ko tumatir ya san wannan a gonarsa: idan aka yi ta feshi da magani iri ɗaya, musamman idan ana tsinka shi da ruwa don ya auku, bayan 'yan shekaru sai ka ga an fesa amma tsutsa tana nan tana ci.

Mutane kan ce "jikina ya saba da maganin". Ba jikin ba ne, ƙwayoyin cutar ne suka bijire masa, kuma ba sa zama a jikin mutum ɗaya. Suna bin bayan gida su shiga rijiya, suna bin hannu su shiga kwanon abinci, suna wucewa daga uwa zuwa jariri a ɗakin haihuwa. Bakteriya ma suna iya miƙa wa junansu wannan juriyar, har tsakanin nau'o'i daban-daban. Shi ya sa jaririn da bai taɓa shan kafso ba yana iya kamuwa da cutar da magani ba ya ji.

Ga kuma illar kai tsaye. Gentamicin idan aka yi ta ba tare da lissafin nauyin jiki ba tana iya lalata ƙoda ko ta kurumtar da yaro. Tetracycline tana rina haƙoran ƙananan yara, kuma ba a ba mai ciki. Septrin da dangin Penicillin, irin su Amoxicillin da Ampiclox, suna iya tayar wa wasu mutane da ƙuraje ko kumburi mai tsanani.

Da gaske abin ya kai a damu, ko dai maganar Turawa ce kawai?

Ya kai, kuma mu ya fi shafa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da suka bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen. Kason Najeriya a wannan ƙiyasi ya kai wajen mutum 64,500 kai tsaye.

Gargaɗin ma tsoho ne. Alexander Fleming, wanda ya gano Penicillin a 1928, ya faɗa a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

A ƙauye ba a ganin abin da sunansa, domin babu ɗakin gwajin da zai tabbatar. Abin da ake gani shi ne mace ta haihu, zazzaɓi ya kama ta, an yi allura kwana biyar bai sauka ba, an ɗauko ta a mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko Asibitin Ƙwararru na Filato, a can a ce sai an sayi wani magani mai tsadar da sai an sayar da akuya ko buhunan masara.

Me ya sa ma'aikatan asibitin ƙauye suke yawan rubuta shi? Rashin sani ne ko neman kuɗi?

Akwai masu yi don kuɗi, ba za a ɓoye ba, musamman a asibitocin kuɗi da ribarsu ta dogara ga allura da ƙarin ruwa. Amma wanda ya tsaya nan bai yi wa yawancin ma'aikatan adalci ba.

A ɗauki asibitin mazaɓa da jami'in lafiya ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, babu likita, babu na'urar duba jini, wani lokaci babu ruwan famfo. An kawo yaro da zazzaɓi a kan babur daga wata ruga mai nisa, da damina, hanya ta yanke. Jami'in ya san idan ya ce a koma gida a dawo jibi, da wuya a dawo. Ya san idan yaron ya mutu za a ce ya kore su hannu rabbana. Babu wanda zai zarge shi idan ya ba da maganin da ba a buƙata, amma kowa zai zarge shi idan ya hana. To sai ya rubuta komai da komai, ko Allah zai sa wani ya dace. Antibayotik a irin wannan wuri yana tsayawa ne a madadin gwajin da babu, da lokacin da babu, da motar asibitin da babu.

Mu ma marasa lafiya da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Magidancin da ya biya kuɗin babur ya bar aikin gona, idan aka ce masa "Baba, mura ce, a ba shi Paracetamol da ruwa da yawa", zai fita yana cewa wannan malamin bai san aiki ba, ya zarce kemis. Ma'aikacin da aka yi wa haka sau da yawa yakan gaji ya bi yarima a sha kiɗa.

A ganina babban alhakin yana wuyan waɗanda suka tura mutum ya duba lafiyar dubban jama'a ba su ba shi kayan gwaji ba.

Kullum sai a ce mini "maleriya da taifod". Zai yiwu mutum ya riƙa yin taifod sau uku a shekara?

Da wuya ƙwarai. Taifod cuta ce ta gaske, ana ɗaukar ta daga gurɓataccen ruwa ko abinci, tana kisa, har takan huda hanji. Amma yawancin "taifod" ɗin da ake faɗa wa mutane daga gwajin Widal ya fito. Gwajin tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. A ƙasa irin tamu, inda mutane da yawa sun taɓa cin karo da wannan ƙwayar ko danginta, lafiyayyen mutum ma jininsa zai iya nuna alama. Maleriya kanta tana iya sa sakamakon ya hau. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda yake ɗaukar kwanaki kuma sai a manyan asibitoci.

Sakamakon haka, dubban mutane suna shan Cipro ko allurar Ceftriaxone a kan cutar da ba su da ita, kuma waɗannan su ne magungunan da ake buƙata ran da taifod ta gaskiya ta zo. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu ɓarkewar taifod da ta bijire wa Chloramphenicol, Ampicillin, Septrin, Cipro da Ceftriaxone gaba ɗaya.

Akwai wani haɗarin da mutanen Filato bai kamata su manta ba. Zazzaɓin Lassa a farkonsa bai da bambanci da maleriya. Ma'aikaciyar jinyar da aka fara gane cutar a jikinta a 1969, daga garin Lassa aka kawo ta asibitin mishan a Jos, a nan ta rasu, kuma a 1970 cutar ta ɓarke a Jos har ta kashe Dakta Jeanette Troup da ke jinyar masu ita. Har yau tana dawowa, galibi da rani. Mara lafiyar da aka yi mako guda ana juya shi daga wannan allura zuwa waccan da sunan taifod ya rasa kwanakin da maganin Lassa ya fi aiki, kuma masu jinyarsa suna cikin haɗari. Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana biyu zuwa uku ana shan maganin da ya dace, a tafi babban asibiti, kada a tsaya canza kafso.

Ita kuwa maleriya gwajinta mai sauƙi ne, ɗigon jini daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an sani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Sanyin Jos ya shigo, yara duk suna tari da majina. Ba za a ba su Ampiclox ba?

Mura bairos ce, kuma takan wuce da kanta cikin mako guda zuwa kwana 10, tarin ma yana iya ɗan wuce haka. Majina ta koma ruwan ɗorawa ko kore ba hujja ba ce ta cewa bakteriya sun shiga. A rufe yaro da kyau, a ci gaba da ba shi nono ko ruwa mai ɗumi, a nisanta shi da hayaƙin itace da gawayi a ɗaki.

Abin tsoro shi ne ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, kuma uwa tana iya lura da shi a gida. Ki bari yaron ya natsu, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa kuma: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, a tafi asibiti nan take. A nan antibayotik yake ceton rai, kuma wanda ake fara ba yara shi ne Amoxicillin, akwai mai narkewa a cokalin ruwa, ba mai tsada ba ne.

Babba ko yaron da tarinsa ya wuce mako 2, a gwada majinarsa don tarin fuka. Gwaji da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada. Shan dangin Cipro a kan irin wannan tari yana iya lafar da shi na ɗan lokaci ya ɓoye cutar, alhali tana ci gaba da cin huhu.

Yaro yana zawon haƙori, kakarsa ta ce a fasa masa kafso ja da yalo a koko. Daidai ne?

A'a. Fitar haƙori ba ta kawo zawo mai tsanani. Abin da ke faruwa shi ne a wannan lokacin yaro ya fara rarrafe, komai ya samu sai baki, kuma an fara ba shi abinci ban da nono. Mafi yawan zawon ruwa na yara bairos ne, kuma abin da ke kashe yaro bushewar ruwan jiki ne. Maganinsa ruwan gishiri da sukari na fakiti, ana ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, da ƙwayar zinc kullum na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa. Flagyl da Tetracycline ba su da gurbi a nan. Inda ake buƙatar antibayotik shi ne idan akwai jini a bayan gida, wato atini, ko kwalara mai tsanani, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Tun 2022 an sa rigakafin Rota cikin rigakafin jarirai na yau da kullum a Najeriya, kuma yana kare su daga ɗaya daga cikin manyan masu kawo wannan zawo.

Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba?

Ga wanda ke iya haɗiya kuma ba ya amai, yawancin cututtuka ƙwaya ta wadatar. Allura ta wanda ya galabaita ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: waɗanda ake fara amfani da su, kamar Amoxicillin, sai waɗanda ake sa wa ido domin bijirewa tana saurin samun su, kamar Ceftriaxone da Cipro, sai na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai komai ya ƙi. Abin takaici, Ceftriaxone ta zama allurar kowane zazzaɓi a wurare da yawa, har a bayan kantin kemis ake yin ta. Ga haɗarin ƙurji a wurin allura, da taɓa jijiyar ƙafar yaro idan wanda bai ƙware ba ya soka.

Kuɗina ba su kai na cikakken magani ba. Laifi ne in sayi na kwana biyu?

Wannan ita ce tambaya mafi ciwo, domin talauci ne ke yin ta. Kowa ya ga yadda ake yi: ka ce a haɗa maka na ɗari biyar, mai kemis ya ɗauko almakashi ya yanko kafso biyu daga wannan kati, ƙwaya uku daga wancan, ya ƙulle a 'yar leda, babu suna babu ranar lalacewa. Irin wannan haɗi shi ne ainihin abin da Fleming ya ji tsoro, magani kaɗan da ba zai gama da cuta ba. Lasisin masu kemis, wanda Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ke bayarwa, na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne.

Idan kuɗi sun gaza, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya: "Malam, ga abin da ke hannuna, wanne ne dole a cikin takardar nan?" Sau da yawa za a ga an rubuta magani biyar, biyu ne na wajibi, kuma kuɗin ruwan ƙarin jini da bitamin sun isa su cika na antibayotik ɗin. A sha shi daidai yadda aka ce, adadin da lokacin da kwanakin. Kada a tsaya don an ji sauƙi, kada kuma a ƙara kwanaki da kai. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci.

Ana ɗiga wa jarirai Ampiclox tun ranar haihuwa, wasu kuma suna sha bayan saduwa ko bayan al'ada don "wanke ciki". Yana kariya?

Ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya hana ƙanjamau, ba ya wanke komai. Lafiyayyen jariri kuma nono yake buƙata da tsaftar cibiya. A wajen mata, yawan shansa yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaba, sai ƙaiƙayi da farin ruwa su ƙaru, a ce sanyi ne, a sake shan wani. Shi kuwa ciwon sanyi na saduwa ya riga ya bijire wa Penicillin da Tetracycline da Cipro a sassan duniya da yawa. Wanda ya ga alamarsa ya je asibiti tare da matarsa ko mijinta, a yi musu magani tare.

Me ya haɗa kaji da shanu da wannan magana?

Jos gari ne na kiwon kaji, kuma a gonaki da yawa ana zuba antibayotik a ruwan shansu ko da lafiyarsu lau. Makiyaya ma suna sayen Oxytetracycline a kasuwa su yi wa shanu da kansu. Kowane maganin dabba yana da kwanakin jira a rubuce a jikinsa, waɗanda ba a yanka dabbar ko a sayar da ƙwai da nono kafin su cika. Kashin kajin kuma shi ake kaiwa lambun karas da latas a matsayin taki, da ƙwayoyin da ke cikinsa. Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. Mai kiwo a Filato yana kusa da masana, tunda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924 kuma tana yin alluran rigakafin dabbobi.

To a guje shi ke nan gaba ɗaya?

Ko kusa. A ƙauyukanmu yara suna mutuwa don an sha maganin ba bisa ƙa'ida ba, wasu kuma suna mutuwa don ba su samu ba sam. Jaririn da ya ƙi kama nono ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, yaron da ke jijjiga ko ya sanƙare wuya, mai jegon da ke zazzaɓi da jini mai wari, ciwon da ya ruɓe yana yaɗuwa, maƙogwaron da ya yi farin yaɓi kamar na mashaƙon da ya ɓarke a arewa tun ƙarshen 2022, duk waɗannan awa ɗaya ma tana da daraja. Domin su ake roƙon a daina ɓarnatar da maganin a kan mura.

Me hukumomi suke yi?

Najeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017 ƙarƙashin jagorancin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, na biyu kuma na 2024 zuwa 2028 ne. A watan Satumbar 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba ana makon wayar da kai. Mutumin Riyom ko Kanam zai san tsarin ya iso gare shi ne ran da ya tarar da kayan gwajin maleriya, Amoxicillin na yara, zinc, da ruwa da sabulu a asibitin mazaɓarsu. Wannan kuwa abu ne da kwamitin lafiya na mazaɓa, da mai unguwa, da limamai da fastoci za su iya bibiya a ƙaramar hukuma.

Yaya zan yi wa ma'aikacin lafiya tambaya ba tare da ya ga na raina shi ba?

Da ladabi, bayan gaisuwa. "Malam, don Allah wace cuta ake zato?" "Akwai gwajin da za a yi kafin a fara magani?" "A cikin waɗannan wanne ne antibayotik, kwana nawa zan sha?" "Wace alama zan gani in dawo da sauri?" A faɗa masa duk abin da aka riga aka sha a gida ko a kemis, a tafi da ledar ko kwalin, domin hakan yana canza abin da zai rubuta. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a tambaye ta, haka wanda wani magani ya taɓa fesa masa ƙuraje. Idan ya ce wannan karon ba a buƙatar kafso, a tambaye shi ranar dawowa kuma a dawo ɗin. Maganin ruwa na yara da aka riga aka haɗa da ruwa ba ya ajiyuwa, galibi bayan mako guda zuwa biyu ya tashi aiki, saboda haka kada a ajiye ragowarsa don ƙanin yaron.